Azumin Kifi Mai Goyo

Ni fa tun farko babu ruwana da wannan maganar, jawo ni aka yi. Ban karanci lissafi ba, ban ce ina so ba. Ko a aji ukun sakandaren da na tsaya, in malamin lissafi ya shigo ta ƙofa ni ta taga nake fita. Amma sai da na yi azumi guda cur ina bautar haruffan Girkawa, kuma har yau babu wanda ya ce min sannu.

Zafin azumin bana ne ya tono min shi. Shekaranjiya da la'asar ina shagona na gyaran waya, maƙogwaro ya bushe, fankar sola tana watso min iska kamar daga bakin tanda, sai wata ɗalibar jami'a ta kawo waya a canza mata gilashi. Da na gama ta ce bari ta gwada. Ta buɗe wani abin lissafi, ta danna nan ta danna can, sai ga harafin nan mai kama da kifi ya fito tsaf, da 'yar lamba rataye a ƙasansa.

Na ce, "Hajiya, haka kawai ya fito?"

Ta ce, "To da yaya zai fito?"

Na miƙa mata wayarta na koma na zauna. Sai na ji gajiyar kusan shekara ashirin ta sauko min a kafaɗa.

Wancan azumin a ƙarshen damina ya faɗo. Irin lokacin nan da ruwa ya fara ja da baya amma bai tafi ba, ƙasa tana tururi, riga tana manne maka a baya tun hantsi, sauro kuma ya ƙoshi har ya yi ƙiba. Gari ya cika da abu biyu, Shari'a da siyasa. Ta ɓangaren Shari'a an rufe ɗan shagon gem ɗin da nake tsare wa wani ogana, aka ce muna hana yara zuwa Islamiyya. Ta ɓangaren siyasa kuma aka ce a yi haƙuri, romon dimokuraɗiyya yana kan hanya. Ni dai a tsakanin biyun na tsinci kaina kwance a tsakar gidanmu a Kaura Goje, ina kallon inuwar katanga ina jiran ta kai inda ake shan ruwa.

Umma ce ta tashe ni da ƙafa.

"Tashi ka tafi gidan yayarka. Kwamfutarta ta ƙi."

"Umma, ni gem na iya."

"Ba kai ne kake cika mana baki kai injiniya ne ba? Duk abin da ke da waya a jiki ka ce ka san shi. Tashi."

"Azumi fa nake."

"Ita kuma ci take?"

Yaya Rabi ita ce babbarmu, ita ce kuma ta kwashe ƙwaƙwalwar gidan ta bar mana kwanon. Tana koyar da lissafi a wata kwaleji, tana kuma digiri na biyu da ya ƙi ƙarewa. Shekara da shekaru tana kai kundin bincikenta ana dawo mata da shi. A wannan karon makarantar ta ce an zo ƙarshe. In Farfesan da ke duba ta bai sa hannu ba kafin hutun Sallah, an soke sunanta. Kwalejin ma ta ce ba za ta ci gaba da riƙe malamin da ba shi da wannan takardar ba. Ke nan karatun da aikin duk suna rataye a bakin biron mutum ɗaya.

A Nassarawa GRA suke zaune, amma kar ka ji GRA ka ɗauka wani abu ne. Boskwata ce mai ɗaki biyu a bayan gidan wani Onarebul, saboda mijinta Yaya Aminu shi ne direbansa. Darbejiya ko'ina, katanga dogaye, unguwa shiru kamar an yi rasuwa. Wutar unguwar kuwa tun wata guguwa da ta jefa reshe a kan taransifoma ba a sake ganin ƙyallinta ba. Wutar da ke akwai ɗaya ce, ƙaton janaretan Onarebul, wanda aka ja wa boskwatar siririyar waya daga jikinsa. Shi ma ba a kunna shi sai dab da magariba, lokacin da 'yan siyasa da 'yan a-ba-mu suke cika harabar gidan don shan ruwa. Ana idar da asham suka watse, a kashe.

Na same ta zaune a kan tabarma, kundin a cinyarta, an bi shi da jan biro kamar an yanka kaza a kai.

"Zo ka gani, Nafi'u."

A cikin kwamfutar akwai wata manhaja, mu lokacin abin lissafin kawai muke ce mata. In ka ba ta lissafin da zai ci maka sati, sai ta warware shi kafin ka gama hamma. Matsalar tana wajen ba da amsa. Ba ta rubuta haruffan yadda masu lissafi suke rubutawa. Maimakon ta zana harafin alfa, sai ta rubuta sunansa baro-baro da baƙaƙen boko. Ƙananan lambobin da ya kamata su zauna a ƙasan harafi kuma sai ta ɗaure su cikin baka a gefensa, tsayinsu ɗaya da shi. Layi guda sai ya miƙe ya cinye rabin shafi kamar layin gidan mai. Farfesa ya duba ya ce shi ba wasiƙa ya ce a rubuto masa ba. Ya ce lissafi da ido ake karanta shi, in bai ga haruffan Girka yadda suke ba, da 'yan lambobinsu a ƙasa, kar ta sake hawo masa bene.

Na ce, "To amsar daidai ce?"

"Daidai ce."

"Shi ne za a kore ki a kan kwalliya?"

"Nafi'u, in za ka taimaka ka taimaka. In surutu ka zo yi, ga ƙofa can."

Haka muka shiga. Kullum abu ɗaya. Da safe ta fita ta tsaya a titi tana jiran keken da aka ware wa mata, don lokacin an hana su hawa acaɓa. Ta dawo bayan azahar fuska ta faɗa, ta jiƙa wake, ta tace gero, ni in kai markaɗe. Ruwa ma sai na ɗebo da jarka a famfon gidan gaba, tunda injin rijiyar tasu shi ma janareta yake jira. Da la'asar kowa ya yi laushi. In cire riga in kwanta a simintin baranda, ƙamshin soye-soyen kicin ɗin Onarebul yana tsallako katanga yana zagin cikina. Ƙanƙara kuwa sai ka je har bakin Giginyu, kafin ka dawo rabinta ya zama ruwa a leda. Yanzu kowane lungu akwai mai firiza da sola, yara ma raina ƙanƙara suke in ba ta yi tauri sosai ba. Mu ledar muke ɗorawa a wuya kafin a kira sallah.

Can sai ka ji janareta ya yi tari ya kama. Wannan ƙarar ta fi kiran sallah tayar mana da hankali, Allah ya yafe mana. Mutane suna wanke hannu suna zama gaban faranti, mu muna rugawa gaban kwamfuta. Dabino a baki, kofin kunu a ƙasa kusa da ƙafa, mu yi magariba ɗaya bayan ɗaya don kar na'urar ta zauna a banza. Ƙosai sau da yawa sai ya huce ya yi tauri muke tunawa da shi.

Ni ban san komai ba, don haka na yi abin da na saba yi da sabon gem, na dinga danna duk abin da ya dannu. Na ɓata abubuwa da dama. Akwai ranar da na mayar da rubutun duka kore, ta kusa yi min duka da maficin hannunta. Ana cikin haka, a wani lungu cikin wani lungu, na taɓa wani abu. Yaya Rabi ta sake ba manhajar lissafin. Sai ga amsa ta fito a tsakiyar sikirin da shuɗin rubutu, haruffan sun miƙe tsaf, kowanne da 'yar lambarsa a gindinsa.

Ta dafe ƙirji. "Me ka taɓa?"

"Sirrin sana'a ne."

"Wallahi ba ka sani ba."

"To ba ya yi ba?"

Ta ce daga yau duk wanda ya sake kai hannu wajen nan sai ta karya masa yatsa.

Amma aiki bai ƙare ba, don sai an bi lissafin kaf an sake shigar da shi. Akwai wani ɗan allo a gefen sikirin da haruffan suke jere, ka nemi wanda kake so ka danna. Tana faɗa ina dannawa, tunda hannuna ya fi nata sauri. Sai dai sunayen sun ƙi zama a kaina. Ta ce lamda, in yi ta lalube, janareta kuma ba jiranmu yake ba. Sai na raɗa musu nawa. Alfa ya zama kifi. Bita mai ciki ce, duk wanda ya gan ta ya san haka ne. Gama gwafa, tita ƙwai mai ɗamara, lamda kuma mai tsallake kwata. 'Yan lambobin ƙasa na ce goyo ne.

Da farko ta ji haushi. "Ilimi ne fa wannan, Nafi'u, ba tashe ba."

Ba a daɗe ba sai ga ta da bakinta, ido a rufe don gajiya, tana cewa, "Kifi mai goyon biyu, a tara da mai ciki mai goyon ɗaya, duka a kan ƙwai."

Yaya Aminu in ya shigo daga aiki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wai lissafi kuke ko cefane?"

Da muka gama sai maganar bugawa a takarda, mu kuma ba mu da firinta. Akwai wani dattijo, Baba Yohanna, mutumin wajen Zariya, ya yi ritaya daga buga tafireta a ofishin gwamnati ya buɗe ɗan shagon buga takardu a kwantena, can hanyar da ta fita Giginyu. Shi ba ya azumi, amma ban taɓa ganin ya kai ruwa baki a gabanmu ba. In ƙishi ya dame shi sai ya ce bari ya leƙa bayan shago. Na kai masa aikin a disket. Kwamfutarsa ta buɗe, duk inda kifi yake sai ɗan akwati fanko.

Ya ce, "Ɗana, kwamfutata ba ta san waɗannan baƙin ba. Sai dai ka kawo taku."

Washegari da hantsi na naɗe kwamfutar da zanen Yaya Rabi, na zura ta a buhu, na hau acaɓa na rungume ta kamar mara lafiya. Hadarin da ake ta cewa ya yi sallama sai ranar ya tuna da mu. Iska ta taso, gari ya yi duhu, ruwa ya sauko gaba ɗaya. Ɗan acaɓan ya ce mu fake. A fake a ina? GRA duk katanga ce, babu rumfa babu zaure. Na cire rigata na ƙara lulluɓe buhun, na duƙa a kansa a gindin wata darbejiya. Ruwa yana dukan bayana, yana gangarowa ta goshina, na datse baki kar ya shiga. Ƙishi kamar zai kashe ka, ga ruwa mai sanyi yana bin leɓenka, kai kuma kana tofarwa. Ɗan acaɓan yana gefe yana rawar ɗari ya ce, "Oga, wai mene ne a buhun?" Na ce, "Kifi ne."

Allah ya sa ta tashi lafiya. Muka jona ta da firintar Baba Yohanna muka gwada shafi ɗaya. Rubutu ya fito, manyan lambobi sun fito. Duk inda harafin Girka yake da goyonsa kuwa, fili fetal. Firintar tsallake su kawai ta yi, ta bar gurbinsu fari. Na zauna a ƙasan kwantenar, wando jiƙe, na ce ni na gaji, a kore ta kawai, sai ta kama sayar da awara.

Baba Yohanna ya ɗaga takardar ya duba, sai ya yi dariya.

"Ai ta yi muku rabin aiki. Mu da muke buga wa malamai a tafireta, da gangan muke haka. Ka bar gurbi, mai abu ya cike da baƙin biro. Tun kafin a haife ka ake yi."

"Baba, Farfesan na'ura yake so."

"In hannun ya iya, sai ya sa tabarau biyu kafin ya gane."

Lokacin ana wahalar fetur, ɗan janaretansa a kan ɗigon ƙarshe yake. Ya cire firintar ya ɗora min a kan buhun. Ya ce, "Tafi da ita. Ni ba mai, ku kuna da Onarebul."

Da Yaya Rabi ta ji shawarar sai ta ce babu wata hanyar. Muka yi ta bugawa duk magariba. Takarda ta sha danshin damina, firintar tana haɗiye ta tana ƙwarewa, sai da na riƙa shanya ta a rana a kan tabarma ina dannewa da takalma. Shafin ƙarshe ya fito ana gobe za a shiga goman ƙarshe. Da gari ya waye Onarebul ya kwashi iyalinsa da mutanensa suka tafi Umra. Yaya Aminu ya kai su filin jirgi, aka garƙame ɗakin janareta da kwaɗo, gida ya yi tsit. Muka ce Alhamdulillahi, mun sha da ƙyar.

Sai cike gurbi. Ita take yi in ta dawo daga kwaleji, a baranda, kafin haske ya gudu. Ga yunwa, tana yi tana hutawa, aikin ba ya sauri. Babi na huɗu kuwa shi ne uban lissafin, kusan duk gurbi ne, ko taɓa shi ba ta yi ba.

Yaya Aminu yanzu ba shi da wanda zai tuƙa. Shi bokonsa bai yi nisa ba, amma ya yi zurfi a allo, hannunsa kuma in ya riƙe alƙalami sai ka rantse bugun inji ne. Ya ce, "Rabi, kawo in rage miki." Ta zana masa haruffan a jikin kwali, ya gwada. Kifinsa ya fi nata kyau nesa ba kusa ba. Ta ba shi babi na huɗu, ta ce lambar ƙarama ce a ƙasa, ni kuma ta ce in riƙe tsohon kundin da aka dawo da shi ina karanto masa abin da zai shiga kowane gurbi.

Da ta fita da safe sai mu fara. Shi a bakin ƙofa kan ɗan tebur, ya sunkuyar da kai kamar mai rubutun sha. Ni a kwance rigingine, kundi a kan ƙirji, ina kira. "Gwafa mai goyon uku. Kifi tsirara, ba goyo. Mai ciki mai goyon ɗaya, Allah ya sauke ta lafiya." In ta dawo ta ce ya nuna mata, sai ya ce a'a, sai ya gama, ya tura ƙarƙashin katifa. So yake ya burge ta. Ita kuma ba ta da ƙarfin gardama, tukunya na jiranta.

Ranar da ya gama, da la'asar, ya miƙa mata yana murmushi. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta buɗe shafin farko. Ta buɗe na biyu. Ta tsallaka tsakiya. Sai na ga ta nemi bango ta zauna.

"Malam, ta ina kake farawa?"

Ashe hannunsa abin da ya saba ya yi. Duk gurbin da ya zo, daga dama yake farawa kamar rubutun allo. Ya zana harafin a can ƙarshen dama, goyon kuma ya biyo baya ta hagu. Sai kowace 'yar lamba ta je ta manne a gindin abin da ke gabanta, wanda ba nata ba. Duk mai karantawa wani lissafin daban zai gani.

Ya ce, "Ba a ƙasa kika ce ba? Ga shi nan a ƙasa."

"Ka ɗauki ɗan wata ka goya wa wata, Malam. Babi guda." Ta juyo kaina. "Kai kuma kana ina?"

"Yaya, ni ladani aka ɗauke ni, ba mai duba sahu ba."

Na zaci za ta jefe ni da wani abu, wallahi da ya fi min sauƙi. Tashi ta yi ta shiga kicin ta juya wa ƙofa baya. Muna jin ƙaurin kunu yana kamawa, babu wanda ya motsa. Yaya Aminu ya fita ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin janareta yana jijjiga kwaɗon, kamar zai ji tausayinsa. Mukullin yana cikin jakar Hajiyar gidan, jakar tana Makka. Washegari na zaga gari neman inda za mu jona mu sake bugawa. Baba Yohanna ya rufe kwantena, babu mai. Shagunan da ke da mai kuma duk 'yan siyasa sun kama su, ana ta buga fastocin barka da Sallah da manyan fuskoki, ko kallon ka ba a yi. Na dawo ƙafa duk taɓo, na ce mata babu.

Da aka yi asuba gari ya fara haske sai ta fito da fakitin reza da cokali, ta shimfiɗa tabarma a baranda. Ta ce, "Ku zauna."

Aikin shi ne a kankare kowane goyo a hankali, kar reza ta huda takarda, a hure, a murje wajen da bayan cokali, sannan a sake rubuta shi ta dama. Ta daman kuma babu wuri, tunda harafin ya riga ya zauna a can, sai an matsa lambar kamar fasinja na huɗu a bayan tasi. Ni da ita muna kankara, shi yana rubutawa, ita tana ɗora masa yatsa daidai inda zai sa. Ta ɗauki uzuri a kwaleji. Umma ta taso daga Kaura Goje ta karɓi girki, tana yi tana faɗa cewa ita a zamaninta ba ta taɓa jin karatun da ake yi da reza ba.

Zafin kwanakin nan ba zan manta ba. Ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, iska ta tsaya, ganyen darbejiya ko motsi. Kowa ya ɗaura tsumma a goshi, don ɗigon gumi ɗaya a kan shafi ya isa ya jiƙa mana aiki. Idona yana ganin kifi ko na rufe shi. Yatsuna duk yankan reza. Miji da mata suna zaune gwiwa da gwiwa, amma babu abin da ke haɗa su sai "miƙo cokali." Sai can ranar da muka kusa ƙarshe, rana ta take, Yaya Aminu bai ɗago ba ya ce, "Kifin dai ya yi kyau, ko?"

Ta daɗe tana hure takarda. Sannan ta ce, "Ya yi."

Ranar aiki ta ƙarshe kafin hutun Sallah muka kai. Ita a keken mata, ni a acaɓa ina bin su a baya da kundi a hammata. Ofishin Farfesa a saman bene yake. Taga a buɗe, fankar sama a tsaye cak, shi ma azumin ya taɓa shi, leɓe ya bushe, yana fifita da wani fayil. Ta durƙusa ta gaishe shi, ni na rakuɓe a jikin ƙofa.

Ya buɗe babi na ɗaya, ya gyaɗa kai. Na biyu, na uku, yana tafiya. Da ya zo na huɗu sai ya tsaya. Ya gyara tabarau. Ya ɗaga shafin ya saita taga, haske ya ratso duk inda muka kankare, takardar ta zama kamar rariya.

"Wannan da hannu aka yi."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Na ce miki na'ura."

"Lissafin na'ura ce ta yi. Haruffan ne muka cike. Ko akwai kuskure, ranka ya daɗe?"

Ya sake bin layukan da bakin biro, a hankali, har ƙasa. "Ban ce akwai kuskure ba."

"To ranka ya daɗe..."

"Malama Rabi, ba ni kaɗai zan gani ba. Mai jarrabawa daga wata jami'ar zai zo. Ya ɗaga wannan ya ga huji-huji, me zai ce? Ya koma garinsu ya ce mutanen Kano har yanzu ba su da kwamfuta?"

Na buɗe baki zan yi magana, ta miƙo hannu ta baya ta tsunkule ni a ƙafa. Ya rufe kundin ya turo shi bakin tebur.

"Ki je ki sake bugawa da kyau. Ki dawo bayan Sallah."

Bayan Sallah kuwa ni da ita da shi duk mun san babu wani dawowa. Na kalli yatsunta a kan gwiwa, duk filasta. A raina na ce shi ke nan, sai awarar.

Tunda nake ban taɓa jin Yaya Rabi ta mayar wa babba magana ba sai ranar. Kuma abin da ta faɗa shi ya kashe zancen, don daga shi Farfesa kundin kawai ya jawo ya buɗe shafin farko ya sa hannu. A hankali ta faɗa, muryar ma da ƙyar take fita, tana kallon fankar da ke saman kansa.

"Kwamfuta muna da ita, ranka ya daɗe. Wutar ce ta tafi Umra. Na ga ta ofishin nan ma tare suka tafi."